Abin Da Na Gani Cikin Shekara Biyu Ina Koyarwa Da Manhajar Aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana wa masu karatu, musamman iyaye da 'yan uwana malamai da hukumomin ilimi, abin da na gani da idona cikin shekara biyu da na yi ina amfani da manhajar waya wajen raba darasi da aikin gida ga ɗalibaina. Ni malamar ilmin halittu ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Zariya, kuma na shafe shekara 14 ina riƙe da alli. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin ana ta maganar karatu ta intanet a tarurruka da gidajen rediyo, wasu na kambama shi kamar shi ne maganin duk ciwon makarantunmu, wasu kuma na ɗora masa laifin lalacewar tarbiyyar yara, alhali kaɗan ne daga cikin masu maganar suka taɓa tsayawa a gaban aji mai yara sama da 60 suka tambaye su ko wace ce a cikinsu za ta samu wayar da za ta buɗe darasin idan ta koma gida.

Lamarin ya samo asali ne tun watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona. A wancan lokaci ina da 'yan aji shida da ke jiran jarrabawar WAEC, wadda aka yi ta ɗagawa har sai da aka soma ta a watan Agusta. Gwamnati ta sa an riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin, kuma hakan ya taimaka, sai dai rediyo ba ya jin tambayar yaro, ba ya kuma duba littafinsa. Don haka na tattara lambobin iyaye na buɗe zaure a WhatsApp, ina ɗaukar hoton abin da na rubuta a takarda ina turawa, ina kuma naɗar muryata ina yin bayani. Mako biyu na farko abin ya tafi daidai. Daga nan sai gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da tallar atamfa suka cika zauren, har ya zama yarinyar da ta samu aron waya bayan kwana uku sai ta yi ta jan saƙo ɗaruruwa kafin ta kai ga darasin, idan ma ta kai. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne lambar kowa a fili take a irin wannan zaure. Wata rana mahaifiyar wata ɗaliba ta kira ni cikin ɓacin rai, ta shaida mini cewa yayan wata yarinya, wanda da wayarsa ƙanwarsa ke shiga zauren, ya kwashi lambar gidansu yana ta damun 'yarta da kira. A ranar na rufe zauren, na kuma yi niyyar ba zan sake haɗa ɗalibaina da waya ba.

Na zauna a kan wannan niyya har shekara uku. Abin da ya sa na sake tunani shi ne wata abokiyar aikina mai koyar da lissafi, wadda ta nuna mini Google Classroom a ɗakin malamai. Manhaja ce da aka fitar tun 2014, ba a biyan kuɗi kafin a sauke ta, kuma tsarinta ya bambanta da na zauren hira. Malami ne ke buɗe aji, manhajar ta ba shi wata lambar shiga mai haruffa da alƙaluma, duk wanda bai samu lambar ko gayyata ba kuwa ba zai shiga ba. Darasi na da wurinsa, aikin gida na da wurinsa tare da ranar da za a miƙa shi, malami na da ikon hana kowa rubutu a dandalin ajin sai shi, kuma ba a baje lambar wayar kowa. Ɗaliba na iya ɗaukar hoton aikinta ta tura, in duba in ba ta maki in rubuta mata gyara a wurin da sauran 'yan ajin ba sa gani. Na nemi izinin shugabar makarantarmu, ta amince bisa sharaɗin a sanar da iyaye a rubuce, muka raba takarda kowace yarinya ta kai gida aka sa hannu. Da haka na soma da 'yan aji huɗu, wato shekarar farko ta babbar sakandare.

Zan fara da alherin da na gani, domin yana da yawa kuma ba zan rage shi ba.

A zangon farko akwai darasin tsirar iri. Shekara da shekaru ina zana shi a allo, ina gaya wa yara cewa idan wake ya tsira yakan ɗago ɓarin ƙwayarsa guda biyu sama da ƙasa, ita kuwa masara takan bar ƙwayarta a binne, ganye kawai take turowa. Suna haddacewa da sunayen Turancin, su rubuta a jarrabawa, bayan mako guda su manta. A wannan karon sai na ce kowace ta nemi gwangwanin tumatir ko na madara guda biyu, ta huda gindinsu, ta zuba ƙasa, ta shuka wake a ɗaya masara a ɗaya, ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan kwana biyu tana turowa tare da layi ɗaya na abin da ta lura da shi. Malam Edita, da ka ga hotunan nan da ka fahimci dalilin da ya sa na ɗauki wannan manhaja da muhimmanci. Gwangwani a kan katanga, gwangwani a gindin randa, gwangwani a bayan murhu inda aka ɓoye shi saboda kaji. Wata ta turo hoton nata da akuya ta cinye, ta rubuta cewa ta sake shukawa ta ɗora a kan rufin ɗaki. A rana ta biyar wata ta turo hoton ɗan waken ya lanƙwaso wuyansa daga ƙasa kamar ƙugiya, ɓarin biyun na rataye, ta rubuta: “Malama, wallahi ya ɗago kansa kamar yadda kika ce, ita kuma masarar na tona na tarar da ƙwayar tana nan a ƙasa.” Na tattara hotunan na jera su bisa kwanaki, muka duba tare a aji. Da jarrabawar zangon ta zo, ban ga wadda ta yi wannan shuka ta kuskure tambayar ba. Yaran nan kowace damina suna ganin wake da masara na tsira a gonakin bayan gari, amma ba a taɓa ce musu su tsaya su duba su ba da rahoto ba, kuma aji mai minti 40 da yara 63 ba shi da wurin da kowace za ta nuna nata gwangwanin.

Alheri na biyu ban yi tsammaninsa ba. A kowane aji akwai yaran da ke zama a baya, ba sa ɗaga hannu, idan an tambaye su sai su sunkuyar da kai. Mukan ɗauka ba su da ƙoƙari ne ko ba su damu ba. Da aka samu wurin rubuta wa malama tambaya ba tare da idon 'yan aji ba, sai ga tambayoyi na zuwa daga bakunan da ban taɓa jin muryarsu ba, kuma kusan dukansu da Hausa. Wata da ke zama a kujerar ƙarshe ta jikin taga ta tambaye ni dalilin da ya sa jinin da ke fita daga zuciya zuwa huhu ba ya gauraya da wanda ke dawowa, tunda duk a cikin zuciya ɗaya suke. Wannan tambayar mai tunani ce, ba ta mai hadda ba. Na naɗi muryata na minti biyu na bayyana mata da Hausa cewa zuciya ɗaki huɗu ce, kuma akwai bango tsakanin ɓangaren dama da na hagu, sannan na rubuta mata kalmomin Turancin da za ta buƙata a jarrabawa. Daga baya ta gaya mini cewa ta daɗe da tambayar a ranta, tsoron kada ta yi kuskuren Turanci a yi mata dariya ne ya hana ta magana. Tun daga lokacin na sauya yadda nake koyarwa har a gaban allo: nakan ba da dama a yi tambaya da Hausa, sai mu mayar da ita Turanci tare. Manhajar ce ta nuna mini cewa shirun da na shekara ina fassara shi da rashin fahimta, yawancinsa kunya ce da tsoron harshe.

Akwai kuma sauƙin da na samu wajen ajiye aiki. Yarinyar da zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu takan tarar da duk abin da aka yi a jere, ba sai ta bi ƙawaye tana aron littafin da aka kwafa da kurakurai ba. Ƙananan gwaje-gwaje na zaɓi amsa kuwa na'urar ce ke duba su, ta nuna mini tambayar da yawancin yara suka faɗi, in san inda zan maimaita.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa.

Kafin mu soma na yi ƙidaya a ajin. Cikin yara 63, guda 9 ne kawai ke da babbar waya ta kansu. Wajen 30 sun ce za su iya aron ta uba ko uwa ko yaya. Sauran kuwa ko dai ƙaramar waya mai madannai ce kaɗai a gidansu, ko kuma akwai babbar amma ba a yarda mace ta taɓa ta ba. Na ji wannan ƙidaya da kunnena, amma zumuɗin sabon abu ya sa na ɗauke ta da sauƙi, na ce masu ita su taimaki marasa ita. Ban fahimci nauyin abin da na ɗora wa yaran nan ba sai da na soma lura da lokutan da aiki ke shigowa. Wata kullum sai bayan ƙarfe 11 na dare take turo nata, manhajar kuma ta rubuta cewa ta makara. Da na bincika sai na ji mahaifinta direban motar haya ne a hanyar Kaduna, sai ya dawo ya ci abinci ya gama kiran da zai yi sannan ya miƙa mata wayar, cajin ya kusa ƙarewa, ga barci a idonta, ga ɗiban ruwa da shara na jiranta da asuba.

Akwai kuma wadda ba ta taɓa turo komai ba, ga ta kuwa da ƙoƙari a aji. Wata Litinin, bayan na duba na ga sunanta babu aiki har sau huɗu a jere, na tsayar da ita a gaban 'yan ajin na yi mata faɗa, na ce lalaci ne. Ba ta ce uffan ba, hawaye kawai ta share da gefen hijabinta. Bayan an tashi sai ta same ni a bakin ɗakin malamai ta buɗe jakarta ta fito da littafi, ashe duk ayyukan huɗu ta yi su da hannunta, da zane mai tsabta da sunayen sassa a jere. Ta ce, “Malama, na yi, turawar ce ban samu ba.” Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ƙosai take soyawa, wayar da take aro ta matar maƙwabcinsu ce, kuma maigidan ya yi magana cewa ana ƙarar masa da data, shi ya sa ta ji nauyin komawa. Na ba ta haƙuri a wurin, washegari kuma na sake ba ta haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta, amma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin na hukunta marainiya a kan talaucin gidansu ina ganin ina hukunta lalaci.

Daga ranar na kafa wa kaina ƙa'idoji. Duk abin da na sa a manhaja sai na rubuta shi a allo. Duk aikin da za a ba shi makin da ke shiga sakamakon zango, a takarda za a miƙa shi a cikin aji, abin da aka turo ta waya kuwa na ƙarin fahimta ne kawai. Na cire ranar ƙarshen miƙa aiki daga manhajar domin kada na'ura ta riƙa kiran yarinya makararriya a kan abin da ba laifinta ba. Sannan na raba su rukuni-rukuni bisa unguwanninsu, 'yan Tudun Wada daban, 'yan cikin birni daban, 'yan Sabon Gari daban, kowane rukuni da mai waya aƙalla ɗaya, domin a tura aikin rukuni da sunayen kowa. Wannan ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba, saboda mai wayar ce ke sauraron bayanin murya sau uku a ɗakinta, marar ita kuwa sau ɗaya take ji a tsaye a zauren gidan wasu. Ina ganin tazarar a takardun jarrabawa. Kayan aikin da na kawo don in kusanto da darasi ga kowa ya fi amfanar waɗanda dama can gidansu da hali, kuma duk malamin da ya ce bai ga haka a ajinsa ba, ina roƙonsa ya sake dubawa da kyau.

Batun kuɗi kuma ba ƙarami ba ne. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, wannan kuwa ya zo ne a kan tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Uban da ke lissafin kwanon masara ba zai ga laifin kansa ba idan ya hana a kalli bidiyon darasi da datarsa. Shi ya sa na daina tura bidiyo gaba ɗaya, na koma hoto ɗaya ko biyu da gajeren saƙon murya. Ga matsalar wuta, inda a unguwanni da yawa sai an kai waya shagon mai caji an biya kafin ta kwana da rai. Ni kaina duk datar da na yi wannan aiki da ita daga albashina ta fito, haka nan lokacin ma daga na iyalina na yanka, domin akwai daren da nakan idar da sallar isha'i in zauna duba hotunan littattafai har 'ya'yana su yi barci ban ji karatunsu ba. Daga baya na sanar da ɗalibai cewa tsakanin la'asar da magariba kawai nake amsa tambaya. Ban faɗi wannan don neman yabo ba. Na faɗe shi ne don hukumomi su san cewa abin da ake kira kyauta akwai mai biyansa, kuma a halin yanzu malamai da iyaye ne ke biya.

Satar amsa ma ta samu sabuwar ƙofa. Na sha karɓar aiki da Turancin da ni kaina sai na sake karantawa kafin in gane, daga yarinyar da ba ta iya haɗa jimla biyu a aji. Wani lokaci daga intanet aka kwafo, wani lokaci yayan da ya ba da aron wayar ne ya ga ya fi sauƙi ya yi mata aikin ya karɓi abarsa. Maganin da na samu shi ne in riƙa ba da aikin da sai an yi shi da hannu: a zana, a sa suna da kwanan wata a jikin takardar, a ɗauki hoto. Washegari kuma in zaɓi mutum uku su yi bayanin abin da suka turo da bakinsu. Wadda ta shuka wake a gwangwani ba ta da wurin kwafo hoton gindin randar gidansu.

Ina so in yi adalci ga iyayen da suka ƙi amincewa, domin sau da yawa a tarurrukan ilimi akan kira su marasa wayewa, ni kuwa ban ga haka ba. Wani dattijo ya zo makaranta da kansa da takardar izinin a hannunsa bai sa hannu ba. Bayan mun gaisa ya ce, “Malama, ba karatun nake ƙi ba, da ina ƙi da ban kawo ta nan ba. Amma ki gaya mini, idan na miƙa mata wayar nan da dare, wa ke tare da ita a ciki?” Na buɗe tawa wayar na nuna masa ajin, ya ga sunayen 'yan mata zalla da nawa da na shugabar makaranta, wadda na sa ta a matsayin malama ta biyu domin ta riƙa ganin duk abin da ke gudana, har da saƙon da ke tsakanina da kowace ɗaliba. Ya duba a tsanake, sannan ya ce ya gamsu da wannan ɗakin, amma wayar ai ba ɗaki ɗaya gare ta ba. Ban da amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa. Muka yi yarjejeniya cewa 'yarsa za ta riƙa buɗe darasin a gaban mahaifiyarta bayan la'asar, ya sa hannu ya tafi. Wannan tambaya tasa ya kamata kowace makaranta ta amsa ta kafin ta buɗe irin wannan aji, musamman inda malami namiji ke koyar da 'yan mata. Bai dace a bar wata kafa da malami zai keɓe da ɗaliba a waya ba tare da idon hukumar makaranta ba, domin kare yarinyar da kuma kare mutuncin malamin. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta neman izinin iyaye kafin a tattara bayanan yaro, ina kuma shakkar ko makarantu nawa ne suka san da haka.

Duk da waɗannan matsaloli ban ga hanyar komawa baya ba, kuma dalilina shi ne jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. WAEC ta soma gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da aniyarta ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Na taɓa raka ɗalibaina cibiyar gwajin JAMB, na ga yarinyar da ta fi kowa maki a ajina tana riƙe da linzamin kwamfuta da hannu biyu tana rawar jiki, domin ranar ce farkon taɓawarta. Waɗanda suka saba amsa gwaji a manhajar aji, ko da a waya ne, sun fi natsuwa, sun san yadda ake zaɓar amsa a wuce gaba a dawo baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan har da na'ura za a auna yaranmu a ƙarshen karatunsu, zalunci ne a bar sabawa da na'urar ya dogara ga aljihun uban kowace yarinya.

Saboda haka kirana ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai shi ne a dawo da wannan aiki cikin harabar makaranta. Ba na neman a raba wa kowane yaro waya, domin hakan ba zai yiwu ba, kuma zai ƙara wa iyaye fargabar da dattijon nan ya bayyana. Abin da nake nema ɗaki ɗaya ne a kowace sakandare, mai wutar sola da kwamfutoci ko allunan hannu kamar 20 da layin intanet da makaranta ke biya, a riƙa buɗe shi bayan an tashi har zuwa la'asar a ƙarƙashin kulawar malama, kowane aji da ranarsa. A irin wannan ɗaki 'yar mai ƙosai da 'yar ɗan kasuwa za su zauna kujera ɗaya su buɗe darasi ɗaya. A horar da malamai horo na gaske a cikin makarantunsu da ajinsu, ba taron kwana ɗaya a otal a raba takardar shaida a watse ba, a kuma ware musu kuɗin data kamar yadda ake sayen alli da rajista. Gwamnatin Tarayya tare da UNICEF sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport a 2022, mai ɗauke da darussa har da na Hausa, amma malamai da yawa da na zanta da su ba su taɓa buɗe shi ba, domin babu na'urar buɗewa a inda suke koyarwa. Ina kuma roƙon kamfanonin sadarwa su duba yiwuwar barin shiga irin waɗannan dandali na karatu ba tare da cin data ba.

Ina tunatar da masu tsara manufofi cewa ni a Zariya nake, garin ilimi mai jami'a da kwalejoji, inda sabis ke da ƙarfi a yawancin unguwanni, amma duk da haka sama da kashi ɗaya cikin uku na ajina ba su da wayar shiga manhajar. Yaya ke nan malamin da ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis? Ba mu manta ba cewa a 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da zai sa darasi ya tsaya idan sabis ya ɗauke bai dace da yankinmu ba, shi ya sa allo da littafi za su ci gaba da zama ginshiƙi, manhaja kuma ta zama mataimakiya. Zan so in ji daga malaman karkara a wannan shafi, domin na tabbata abin da suka gani ya fi nawa tsanani.

A namu ɓangaren, na gabatar da maganar ɗakin ga shugabar makarantarmu, ta kuma sa ta cikin abin da za a tattauna a taron iyaye da malamai na wannan zango. Muna da wani tsohon ɗakin ajiya da rufinsa ke da kyau, wani daga cikin iyaye mai aikin haɗa sola ya ce zai yi aikin hannu kyauta idan an sayi kaya, tsofaffin ɗalibai biyu kuma sun yi alkawarin kwamfuta ɗaya ɗaya. Yarinyar nan da na yi wa faɗa tana aji shida yanzu, har yau babu babbar waya a gidansu, kuma so take ta karanta aikin jinya. Duk ranar Laraba bayan an tashi nakan ba ta tawa wayar a ɗakin malamai na rabin awa, ita da wasu ƙawayenta huɗu, su amsa gwajin mako bi da bi kafin su kama hanyar gida.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Taku,
Malamar ilmin halittu a wata sakandaren 'yan mata,
Zariya, Jihar Kaduna.